Lasisin Wuta da Rabon Ruwa: Tarihin Dokokin Madatsun Ruwa da Makomar Fadamar Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki tarihin samar da wutar lantarki ta hanyar ruwa a Nijeriya, sunayen da zai fara cin karo da su su ne Ka'inji da Jaba da Shiroro, sai kuma Zungeru a baya-bayan nan. Da wuya ya ji an ambaci Nguru ko Gashuwa, domin kuwa ƙasar wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba kwazazzabo, balle a datse ruwa a kafa injin wuta. Duk da haka, abincin mutanen garuruwan nan biyu a ɗaure yake da takardun izini da ake sa wa hannu a Kano da Legas da Abuja, saboda ruwan da suke noma da su da kiwo da shi, sai ya bi ta ƙofofin madatsun Tiga da Calawa kafin ya iso gare su.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hukuma ta riƙa ba da izinin datse kogi da samar da wuta tun daga zamanin Turawan mulkin mallaka har zuwa dokar lantarki ta 2023, tare da auna wannan tarihi da abin da ya sami fadamar Haɗeja da Nguru. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, dokokin sun mayar da hankali a kan wanda zai gina da wanda zai sayar, amma sun yi sakaci da tambayar da ta fi damun mutumin da ke ƙasan kogi, wato yaushe za a saki ruwa, kuma nawa za a saka.

2.0 Kogi da Fadama Kafin Madatsu

Koguna biyu ne suke ciyar da wannan fadama. Na farko shi ne Kogin Haɗeja, wanda yake samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa kafin a kai Wudil. Na biyu shi ne Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauci da Katagum. Da Kogin Haɗeja ya wuce garin Haɗeja, sai ya tarar da tsofaffin jigayin rairayi, ya rarrabu zuwa rassa. Reshen Marma ya nufi arewa ya zuba a Tafkin Nguru, wasu rassan kuma, irin su Burum Gana da tsohon Kogin Haɗeja, suka nufi gabas. A kusa da Gashuwa ne ruwan Haɗeja da na Jama'are suke haɗuwa su zama Kogin Yobe, wanda Barebari suke kira Komadugu. Shi ne yake wucewa ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a wajen Difa da Damasak, sannan ya faɗa Tafkin Cadi.

Kafin a datse shi, Kogin Haɗeja na damina ne. Yakan kawo a watan Yuni ko Yuli, ya tumbatsa ya malale fadama a Agusta da Satumba, sannan ya ja da baya sannu a hankali har ya ƙafe da rani. A kan wannan zuwa da komawa na ruwa ne Bade da Manga da Hausawa da Fulani suka gina rayuwarsu. Manomi yakan shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, ta tashi tare da ambaliya. In ruwa ya janye, sai a bi danshi a shuka wake da sauran kayan rani, a kuma kafa jigo a bakin kududdufai a yi lambu. Kifi yakan fita fadama ya hayayyafa, masunta su tare shi sa'ad da yake komawa kogi. Makiyayi kuma yakan sauko da shanu su ci ciyawar da ruwa ya bari. Ruwan da ya nutse a ƙasa shi ke raya rijiyoyi da kurmin goriba. Fiye da mutum miliyan ɗaya ne suke ci daga wannan tsari, kuma albarkarsa tana cikin abin da ya raya kasuwar Nguru, tsohon mazaunin Galadiman Barno, musamman bayan da layin dogo ya iso garin a 1930.

Akwai abin lura ga masu nazarin harshe a nan. Tun kafin kalmar “lasisi” ta shigo Hausa daga Ingilishi, akwai “izini”, wadda aka aro daga Larabci, kuma akwai masu ba da shi a kan ruwa, wato Sarkin Ruwa da Bulama da Lawan. Izinin gargajiya a ɗaure yake da lokaci: ana rufe tafki, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe shi, kamar yadda bikin kamun kifi na Bade a Gogaram yake nunawa. Shi kuwa lasisi a ɗaure yake da mutum da kuɗi: wane ne ya nema, nawa ya biya, me zai gina. Wannan bambanci na ma'ana shi ne zaren da za a bi a sauran sassan maƙalar.

3.0 Tushen Lasisi: Daga Kuza Zuwa NEPA

Wutar ruwa a Nijeriya ta samo asali ne daga haƙar kuza. A 1923 aka kafa tashar farko a gangaren ruwa na Kwal a ƙasar Filato, a 1929 kuma kamfanin NESCO ya fara aiki a gangaren Kura, yana sayar wa kamfanonin kuza wuta da yardar gwamnatin mulkin mallaka. Ikon gwamnati na ba da irin wannan izini ya tsaya ne a kan dokokin ma'adinai. Dokar Ma'adinai ta 1945 ta faɗa ƙarara cewa ma'adinai da koguna da rafuka duk mallakar Sarautar Ingila ne. Ke nan tun daga farko an ɗauki kogi tamkar kuza ko kwal, wato dukiya ce da hukuma za ta ba wanda zai fitar da riba daga cikinta.

A 1950 aka yi dokar da ta kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a 1962 kuma aka kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara domin gina Ka'inji. An kammala Ka'inji a 1968, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga ƙasashen Busa da Yawuri aka sake musu matsuguni. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe hukumomin biyu ta kafa NEPA, wadda ta ƙara Jaba a 1985 da Shiroro a 1990. A tsawon wannan zamani maganar lasisi ba ta da wani nauyi, domin hukuma ɗaya ce take ginawa, ita take gudanarwa, ita kuma take duba kanta. Abin da aka sani na haƙƙin jama'a shi ne diyya ga wanda tafki ya cinye gidansa ko gonarsa. Ko ita diyyar ba kullum take zuwa cikin lalama ba, kamar yadda rikicin Bakolori na watan Afrilu 1980 ya nuna, inda aka rasa rayukan manoma. Wanda kuwa yake can ƙasan kogi, wanda aka hana wa ambaliyar da yake noma da ita, ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

Tsarin mulkin 1963 ya tanadi cewa ruwan da majalisa ta ayyana a matsayin wanda ya shafi yanki fiye da ɗaya yana ƙarƙashin ikon tarayya, kuma tsarin mulkin 1979 da na 1999 sun maimaita wannan tanadi game da jihohi. Sai dai an daɗe ba a yi dokar da za ta ba tanadin haƙora ba. A cikin wannan giɓi ne aka gina Tiga.

4.0 Tiga da Calawa da Hukumomin Raya Koguna

Gwamnatin Jihar Kano ce, a ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo, ta gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Manufar a bayyane take, kuma ba wanda zai ce ba ta da kyau: a sama wa birnin Kano ruwan sha, a kuma buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Tafkin Tiga ya fara da ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan biyu, kafin a rage tsayin bakin da yake tsiyaya a 1992 saboda tsaron lafiyar ginin. A wancan lokaci Haɗeja tana cikin Jihar Kano, Nguru da Gashuwa kuwa suna cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Babu wata doka da ta tilasta wa Kano ta nemi lasisi, ko ta auna abin da aikin zai jawo wa maƙwabta.

A 1973 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna biyu, ta Tafkin Cadi da ta Sakkwato-Rima, bisa koyi da hukumar kwarin Tenesi da Amurka ta kafa a 1933. Dokar soja mai lamba 25 ta 1976 ta kai su goma sha ɗaya, ciki har da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, wadda ta karɓi ragamar Tiga. Hikimar irin wannan hukuma ita ce a riƙe kogi ɗaya a hannu ɗaya tun daga mafarinsa har zuwa mazubarsa. Amma a nan sai aka yanka kogin biyu bisa iyakokin jihohi. Sama, inda madatsu suke, ya faɗa hannun hukumar da ke Kano. Ƙasa, inda Nguru da Gashuwa suke, ya faɗa hannun Hukumar Tafkin Cadi da ke Maiduguri. Wato mai riƙe da mabuɗin ruwa ba shi da alhakin mutanen fadama, mai alhakinsu kuma ba shi da mabuɗi. Ƙirƙiro jihohin Jigawa da Yobe ranar 27 ga Agusta 1991 ya ƙara yawan masu ruwa da tsaki, bai kuwa gyara wannan rabo ba.

A 1992 aka kammala madatsar Calawa a kusa da Ƙaraye, mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan ɗaya, aka kuma yi shingen karkatar da ruwa domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Daga nan kimanin kashi 80 cikin ɗari na ruwan Kogin Haɗeja ya koma ƙarƙashin ikon ƙofofi.

4.1 Abin da ya Iso Nguru da Gashuwa

Sakamakon ya zo ta fuska biyu masu kama da kishiyoyin juna. Ta farko ita ce raguwar ambaliya. Binciken da aka yi ta jirgin sama ya nuna cewa a 1969 da 1974 ruwa ya rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma tsakanin 1991 da 1993 bai kai 1,000 ba a kowace shekara. Adalci ne a ce ƙarancin ruwan sama, musamman farin 1983 da 1984, yana da nasa kaso a cikin wannan raguwa. Sai dai fari yakan zo ya wuce, madatsa kuwa tana nan.

Fuska ta biyu ita ce ta fi ba da mamaki. Domin a kai ruwa ga famfunan Kano da gonakin rani, sai aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara. Kogin da ya saba ƙafewa da rani ya daina ƙafewa, ambaliya mai ƙarfi da takan share laka daga hanyoyin ruwa kuma ta daina zuwa. Wannan yanayi ne ciyawar da mutanen yankin suke kira kacalla take so, wato ruwa marar zurfi wanda ba ya yankewa. Ta yaɗu ta toshe rassan da suka nufi gabas, laka ta taru a gindinta, sai mafi yawan ruwan Haɗeja ya karkata zuwa reshen Marma. Gonakin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru suka zama a cikin ruwa shekara da shekaru, kacalla ta hana jefa koma, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. A gefe guda kuma ruwan Haɗeja da yake isa Gashuwa ya koma ɗan kaɗan, har Kogin Yobe ya dogara kusan kacokan a kan Jama'are. Nguru tana kukan ruwa ya yi yawa, Gashuwa tana kukan ya yi kaɗan, alhali sanadin ɗaya ne. Wanda aiki ya kawo shi wannan yanki daga ƙasar Kano, kamar mai wannan rubutu, yakan yi mamakin yadda sunan Tiga, wanda a gida ake ambatonsa da alfahari, a nan ake ambatonsa da ajiyar zuciya.

Ba a rasa masu faɗakarwa ba. A 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Fadamar Haɗeja da Nguru, mai ofis a Nguru, da taimakon ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje, ciki har da IUCN. A 1993 Hollis da Adams da Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan fadamar. Barbier da abokan aikinsa kuma suka kwatanta amfanin ruwa a wuraren biyu, suka gano cewa kowane ma'auni na ruwa yana haifar da amfani a fadama, ta hanyar noma da su da itacen wuta, ninkin-ba-ninkin abin da yake haifarwa a aikin noman rani na Kogin Kano. Masanan sun ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da gangan daga madatsun a watan Agusta, kimanin mita kubik miliyan 350, domin a kwaikwayi ambaliyar asali. Shawara ce kawai, ba ta zama sharaɗi a cikin wata takardar izini ba.

5.0 Dokokin 1992 da 1993 da Taƙaddamar Kafin Zaki

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta yi dokoki biyu da suka fara cike giɓin. Dokar soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, ta kuma ambaci ayyukan wutar ruwa da tsayin madatsarsu ya wuce mita 15 ko faɗin tafkinsu ya wuce hekta 400. Dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta danƙa ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, ta ba ministan albarkatun ruwa ikon ba da lasisin datse ruwa ko karkatar da shi ko amfani da shi don kasuwanci. Ta kuma bar wa talaka 'yancin ɗibar ruwa don gida da shayar da dabbobi da kamun kifi ba tare da biyan komai ba. Amma 'yancin ɗiba daga kogi bai zama 'yancin a bar kogin ya iso ba. Ga Tiga da Calawa kuwa dokokin sun zama ihu bayan hari, tun da an riga an gama gini.

Inda sabon tunani ya yi tasiri shi ne Kafin Zaki. Wannan madatsa ce da aka tsara a kan Kogin Jama'are a Jihar Bauci, mai ɗaukar ruwa mita kubik biliyan 2.7, domin noman rani da kuma samar da wuta kimanin megawat 15. An ba da kwangilarta a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994. Da Gwamna Isa Yuguda ya sake tayar da maganar a 2008, sai jihohin Yobe da Barno suka ƙi amincewa. A 2009 Sanata Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa mai wakiltar Yobe ta Arewa, ya fito fili ya yi adawa da aikin, bisa hujjar cewa Tiga da Calawa sun riga sun rage ruwan Yobe, Jama'are kaɗai ya rage. Mutanen Bauci su ma suna da hujjarsu, domin suna ganin an ba Kano dama an hana su. Abin lura shi ne, abin da ya tsayar da Kafin Zaki ƙarancin kuɗi ne da matsin siyasa, ba hukuncin wata hukumar lasisi da ta saurari ɓangarori ta yanke ba.

An yi wasu yunƙurin na sulhu. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da Komadugu Yobe. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da reshen Marma a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Nijeriya. A 2006 gwamnonin Bauci da Barno da Filato da Jigawa da Kano da Yobe suka yi taro a Damaturu, aka kafa asusun kula da kogin, aka kuma tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. Dukkan waɗannan sun dogara ne a kan kyakkyawar niyya. Ambaliyar 2001 da ta 2010, waɗanda suka yi ɓarna a Jigawa, sun nuna raunin tsarin: a 2010 jami'an jiha sun ɗora laifi a kan buɗe ƙofofin madatsu, hukumar kogi ta musanta, ba kuwa wani alƙali na tsakiya mai riƙe da ƙa'idar da za a auna maganar kowa da ita.

6.0 Zamanin Lasisin Kasuwa

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta rushe NEPA, ta kafa hukumar sa ido, NERC, wadda ta wajabta lasisi ga duk mai samar da wutar da ta wuce megawat ɗaya. A 2013 aka ba kamfanoni masu zaman kansu hayar Ka'inji da Jaba da Shiroro. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ba da kwangilar kafa injinan wuta a madatsun Kano, megawat 10 a Tiga da 25 a Calawa, domin ba da wuta ga matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titi. Gwamnatin ta sauka a 2015 aikin bai kammala ba, wadda ta gaje ta ta ci gaba da shi. Da wannan ne Tiga da Calawa suka shiga sahun ayyukan wutar ruwa, maganar lasisin wuta ta zama maganar Nguru da Gashuwa kai tsaye.

A ƙarƙashin wannan tsari, mai son samar da wuta daga madatsa yana bin ƙofofi dabam-dabam. Lasisin wuta yana hannun hukumar lantarki, wadda take duba ƙarfin kamfani da ingancin injina da farashi. Lasisin ruwa yana hannun ma'aikatar albarkatun ruwa, ta hanyar hukumar da aka kafa a 2007 da ƙa'idojin 2016. Takardar muhalli tana hannun ma'aikatar muhalli. Ita kuwa madatsar tana hannun hukumar raya kogi. An yi ƙoƙarin haɗa dokokin ruwa wuri ɗaya a ƙudurin da aka kai majalisa a 2017, amma ya gamu da zazzafar adawa, har majalisa ta tara ta tashi a 2023 bai zama doka ba. A 2023 ɗin ne kuma aka gyara tsarin mulki, aka yi sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi ikon kafa nasu hukumomin lasisi. Wannan ya buɗe ƙofar da jiha za ta ba da izinin tashar da ke cikin iyakarta, alhali ruwan da yake juya injin zai ratsa jihohi uku ko huɗu ya kai wata ƙasa.

Har ila yau, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar ruwa, HYPPADEC, wadda aka yi dokarta a 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, an gina ta ne a kan jihohin da tashoshi suke da maƙwabtansu na kogin Kwara da Binuwai. Yobe ba ta cikin jerin. Ko ta fuskar rarraba wuta ma, Yobe tana yankin kamfanin Yola ne, ba na Kano ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

6.1 Injin Wuta da Lokacin Sakin Ruwa

Sau da yawa akan ce injin wuta ba ya shan ruwa, wucewa kawai ruwan yake yi ta cikinsa ya koma kogi. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Yawan wutar da inji yake bayarwa ya dogara ne a kan abu biyu: yawan ruwan da yake bi ta farfelarsa, da tsayin da ruwan ya faɗo daga gare shi. Saboda haka mai sayar da wuta yana son tafki ya zauna a cike, yana kuma son ruwa ya riƙa fita daidai wa daida dare da rana, rani da damina. Duk ruwan da aka saki da yawa lokaci guda, fiye da abin da farfela za ta ɗauka, a wurinsa hasara ce. Fadama kuwa akasin haka take buƙata: ambaliya a Agusta, da ƙafewa da rani domin kacalla ta mutu. Bugu da ƙari, tafkin da aka bari a cike ba shi da wurin karɓar ruwan sama mai yawa, sai ya tumbatsa bagatatan.

Idan an ɗora inji a kan ruwan da dama za a saka don sha da noma, ba abin da ya canza. Idan kuwa kwangilar sayar da wuta ce ta zama mai tsara sakin ruwa, to an ƙara wa tsarin da ya haifi kacalla sabon majiɓinci mai takarda a hannu da kuɗi a aljihu. Wanne ne zai faru a cikin biyun, sharuɗɗan lasisi ne za su yanke.

7.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Misalai uku za su wadatar. A Mali, an kammala madatsar Manantali a 1988, aka riƙa sakin ambaliya ta gangan domin manoman kwarin Kogin Sanagal, amma da aka kunna injinan wuta a farkon shekarun 2000 sai buƙatar wuta ta rinjayi ta fadama. A Kamaru, madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza da Logon, a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ciyawa da kifi suka fara dawowa. A Amurka, dokar 1920 ta ƙayyade wa lasisin wutar ruwa wa'adin da bai wuce shekara 50 ba, gyaran 1986 kuma ya wajabta a ba kifi da muhalli kulawa daidai da ta wuta a lokacin sabuntawa. A 1997 hukumar lasisi ta ƙi sabunta izinin madatsar Edwards, aka rushe ta a 1999. Misalan sun nuna cewa ɓarnar fadama tana gyaruwa, alkawarin da ba a rubuta a lasisi ba yana gushewa da zuwan injin wuta, kuma wa'adi shi ke ba al'umma damar sake zama a duba.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ikon ba da izinin datse kogi ya taso daga dokar ma'adinai ta Turawa, ya ratsa zamanin da hukuma take duba kanta, ya iso zamanin lasisin kasuwa. A kowane mataki doka ta zo ne bayan gini, kuma an raba kogi ɗaya tsakanin hukumomi da jihohi ta yadda mutumin Nguru da na Gashuwa ba su da kujera a inda ake yanke hukunci.

Abin da tarihin yake nuni da shi a fili yake. Ya kamata duk lasisin wuta a kan Tiga ko Calawa ko Kafin Zaki ya ƙunshi jadawalin sakin ruwa a rubuce, wanda ya tanadi ambaliyar damina da ragin rani, ya kasance da wa'adin sabuntawa, a kuma saurari jihohin ƙasan kogi da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoma da masunta da makiyaya kafin a sa hannu. A nan masu nazarin harsunan Nijeriya suna da nasu aikin, domin dokokin nan duk da Ingilishi aka rubuta su, waɗanda suka fi shafa kuwa da Hausa da Badanci da Barbarci da Fulatanci suke magana. Fassara su da samar musu da daidaitattun kalmomi shi ne matakin farko na shigar da mutanen fadama cikin shawara. Sarkin Ruwa na dā ya san cewa izini ba ya cika sai an faɗi lokacinsa, kuma wannan shi ne abin da lasisin zamani ya rage ya koya.